Gwanjo A Landan, Asara A Malam Madori

Abu ne sananne cewa idan tattalin arziki ya karye, farashin kadara yakan faɗi. Mai gona yakan sayar da ita a wulaƙance, mai shanu ya kai su kasuwa a rame, ma'aikaci ya jinginar da babur ɗinsa. Amma akwai wata kasuwa guda a duniya wadda a lokacin matsi takan nuna wani hali dabam, watau kasuwar gwanjon tsofaffin zane-zane da littattafai da kayan tarihi. Ko da yake manyan rumfunanta suna Landan da Faris da Niyok, jijiyoyinta sun iso ƙauyukan ƙasar Hausa tun da daɗewa. Saboda haka ya kamata jama'ar Ƙaramar Hukumar Malam Madori da sauran ƙasar Haɗejiya, musamman ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, su fahimci yadda wannan ciniki yake tafiya, domin su ne ke zaune a gefen da ake yin asara.

A ranar 15 ga watan Satumba na shekarar 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, ya kuma ja tattalin arzikin duniya zuwa cikin wani mawuyacin hali. A daren wannan rana ce kamfanin gwanjo na Sotheby's ya buɗe ciniki a Landan a kan ayyukan wani mai zane ɗan Ingila, Damien Hirst, kuma kafin a tashi kashegari an tara Fam miliyan 111. A cikin watan Fabrairu na 2010, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata goma na Amurka ba shi da aikin yi, aka sayar da wata tsohuwar mujallar yara, irin mai ba da labari cikin zane, a kan Dala miliyan 1. Sunanta Action Comics, fitowa ta farko, wadda a cikinta ne aka fara nuna Superman a shekarar 1938, kuma sisin ƙasarsu goma ne kuɗinta a wancan zamani. Bayan kwanaki kaɗan wata 'yar'uwarta ta 1939, wadda Batman ya fara bayyana a ciki, ta tashi a kan Dala 1,075,500. Kafin watan Maris ya ƙare an sayi wani kwafin na Superman a kan Dala miliyan 1.5.

Abin bai tsaya nan ba. A cikin watan Janairu na 2021, ana tsakiyar annobar Korona, kantuna a rufe, wani zanen hannu da Hergé ɗan ƙasar Beljiyam ya yi a 1936 domin bangon ɗaya daga cikin littattafan Tintin ya tashi a Faris a kan kuɗi wajen Yuro miliyan 3.2. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Heritage na Amurka ya sayar da wani kwafin Action Comics a kan Dala miliyan 6, watau fiye da Naira biliyan 6 a canjin wannan wata. A watan Nuwamba na 2025 kuma wata mujallar Superman ta 1939, wadda wasu 'yan'uwa suka tsinta cikin kayan mahaifiyarsu bayan rasuwarta, ta kai Dala miliyan 9.12.

Duk wanda ya ji waɗannan alkaluma zai yi tsammanin hauka ne. Amma akwai lissafi a ciki, kuma lissafin ba shi da wuyar ganewa. Da farko dai akwai ƙarancin abin. An buga wannan mujalla ta 1938 wajen kwafi 200,000, amma da yake a kan takarda mai araha aka buga ta, yara suka yayyaga, iyaye suka zubar, aka kuma tattara tsofaffin takardu don aikin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka rage a yau ba su fi kamar 100 ba. Na biyu, mai dukiya yana tsoron ajiye tsabar kuɗi a lokacin da darajarsu take zaizayewa, bankuna suna rugujewa, hannun jari yana faɗuwa. Sai ya nemi abin da babu gwamnatin da za ta iya bugo ƙarinsa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a nan. Ita ce ta sa matan Hausawa suke mai da kuɗinsu zinariya, fatake suke ɓoye hatsi, Fulani suke riƙe arzikinsu a kan ƙafa huɗu. Na uku, matsi ba ya taɓa kowa daidai wa daida. Attajirin da ya yi asarar rabin dukiyarsa yana nan attajiri, kuma mutum biyu kawai ake bukata su yi ja-in-ja a zauren gwanjo farashi ya tashi.

Sai dai wajibi ne a faɗi ɗaya gefen, don kada a yaudari kowa. 'Yan ƙalilan ne daga cikin kayan suke yin irin wannan tashi. A shekarar 2009, duk da manyan cinikayyar da jaridu suka yi ta yayatawa, jimlar cinikin kayan zane na duniya ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 2024 ma ta ragu da kashi 12 cikin 100. Attajiran Japan da suka yi ta wawar zane-zanen Turai, har ɗayansu ya biya Dala miliyan 82.5 a kan zane ɗaya na Van Gogh a 1990, sun ga kasuwar ta rushe a hannunsu ba da jimawa ba. Haka kuma dubban Amurkawan da suka riƙa sayen sababbin mujallun zane suna ɓoyewa a farkon shekarun 1990 da nufin za su yi tsada, sun wayi gari da tulin takarda, domin abin da kowa ya ɓoye ba zai taɓa yin ƙaranci ba. Kamfanin Marvel da kansa sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Disamba na 1996. Ashe ke nan a lokacin matsi na sama ne yake ƙara hawa, na tsakiya da na ƙasa kuwa su faɗi.

To, daga ina kayan suke fitowa? A nan ne maganar ta shafi kowa. Hausawa sun ce faɗuwar wani tashin wani. Matsin da yake sa mai kuɗi neman abin da zai ɓoye dukiyarsa a ciki, shi ne yake tilasta wa matalauci fito da abin da ya gada. Su biyun ba sa haɗuwa. Tsakaninsu akwai jerin dillalai, kowa yana ɗora nasa, kuma wanda ya fi kowa cutuwa shi ne na farko, wanda bai san darajar abin da ke hannunsa ba, bai kuma da halin jira. Ko a Amurka haka abin yake. Samari biyun da suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da haƙƙinsa a 1938 a kan Dala 130, suka kuma tsufa cikin ƙunci. Takardar cakin da aka biya su da ita kuwa an yi gwanjonta a 2012 a kan Dala 160,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana wannan darasi, kuma ba da sauƙi ba. A cikin watan Satumba na 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin soja, aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje. Naira, wadda kafin nan kusan kunnen doki take da Dala, ta koma wajen Naira 4 a Dala ɗaya, zuwa 1995 kuwa ta haura 80 a kasuwa. Albashi ya zama ba ya kai mutum tsakiyar wata. A cikin waɗannan shekaru ne aka fasa Gidan Kayan Tarihi na Jos a 1987, aka yi ta sata a na Ife a 1993 da 1994. A tsakiyar shekarun 1990 kuma manoma suka bar gonakinsu suka shiga tonon gumakan yumɓu na Nok, waɗanda wasunsu sun haura shekara 2,000, haka nan da irinsu da aka samu a ƙasashen Sakkwato da Katsina. An riƙa fitar da su ta Kwatano da Lome zuwa Barasel da Faris. Mai tono ya karɓi abin da zai sayi buhun masara, mai kanti a Turai ya karɓi dubban Daloli. Abin da ya fi wannan muni, duk wurin da aka tona ba bisa ƙa'ida ba ya lalace ke nan har abada, domin masana ba za su ƙara iya karanta tarihin da ke cikin ƙasarsa ba.

Abin ya kai ga a cikin watan Afrilu na 2000 an baje gumakan Nok biyu da na Sakkwato ɗaya a babban gidan tarihi na Louvre da ke Faris, bayan gwamnatin Faransa ta saye su daga wani dillali a Beljiyam. A shekarar nan ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Sai a 2002 aka daidaita, Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, amma za su zauna can aro har shekara 25. Haka kuma a ranar 29 ga watan Yuni na 2020, cikin annobar Korona, kamfanin Christie's ya sayar da gumakan Ibo guda biyu a Faris a kan Yuro 212,500, duk da ƙorafin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da na masanan da suka ce an kwashe su ne a lokacin yaƙin basasa. Yaƙi da yunwa da karyewar kuɗi, su ne ƙofofin da kayan tarihi suke fita ta cikinsu. Gaskiya ne Jamus ta mayar da wasu tagullan Bini a watan Disamba na 2022, Holan ta mayar da guda 119 a 2025, amma sai da aka yi fiye da shekara 120 da kwashe su, bayan doguwar jayayya. Fitar abu minti ɗaya ne, dawowarsa sai jikoki.

Ayyukan masu zanen zamani na ƙasar nan su ma sun shiga wannan kasuwa. Tun 2008 ake yin gwanjon zane a kai a kai a Legas. A watan Fabrairu na 2018, jim kaɗan bayan Nijeriya ta fita daga karayar arziki ta 2016, kamfanin Bonhams ya sayar da zanen Tutu, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1974, a kan Fam miliyan 1.2, bayan an tsince shi rataye a wani gida a arewacin Landan. Mai zanen ya rasu tun 1994. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta yake kan takardar Naira 20, wadda kuma ta yi aikinta a cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, sun zama abin nema a gwanjon Ingila bayan rasuwarta a 1984. Wannan ya isa shaida cewa aikin hannun mutanen karkara na iya zama dukiya, sai dai ba kasafai ake gane haka ba tun mai shi yana raye.

Wani zai ce ina ruwan Malam Madori da wannan, alhali ba ta da gumaka ba ta da masu zane. Mai wannan magana bai san inda yake zaune ba. A cikin wannan ƙaramar hukuma Garun Gabas take, wadda tarihin baka ya ce ita ce Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Kusa da nan akwai Auyo, wadda ta daɗe da sarautarta kafin jihadi, harshen mutanenta na asali kuwa ya riga ya ɓace, wanda shi kaɗai ya isa gargaɗi. Ga Haɗejiya da tamburanta, da tarihin Sarki Buhari wanda ya yi mulki daga 1848 zuwa 1863, da na Sarki Muhammadu Mai Shahada wanda ya tsaya ya yaƙi Turawa har aka kashe shi a 1906. Takubba da sulke da kwalkwali da sirdi da likkafa na waɗancan zamunna ba duka suke fada ba, wasu suna gidajen zuriyar mayaƙa da dagatai da bulamai. Garin Malam Madori kansa ya bunƙasa ne da zuwan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, ya zama tashar awon gyaɗa. Rasiɗan kamfanoni, da littattafan 'yan baranda, da takardun haraji da jangali na En'e, da hotunan tasha, dukansu shaidu ne na yadda aka gina arzikin Arewa.

Bugu da ƙari, ƙasar Haɗejiya ta yi suna da tsangayu da alarammomi da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani da ka. Wannan shi ne zanen hannu na asali na wannan ƙasa: rubutun da aka yi da alƙalamin gamba da tawadar da aka dafa, aka yi masa wasali da ja, aka ƙawata shi da zayyana, aka sa shi cikin tadarishi da gafaka. Duk mai bibiyar kundin manyan kamfanonin gwanjo na Turai ya san cewa irin waɗannan rubuce-rubuce na Afirka ta Yamma sukan fito a ciki, galibi ba sunan marubuci, ba sunan gari, sai dai a ce daga arewacin Nijeriya. Haka ma tsofaffin riguna na saƙi da tsamiya da barage masu aska takwas, da tasoshin tagulla, da akushi, da faifan ado. Akwai kuma wasiƙun sarakuna da na malamai, da waƙoƙin ajami, da littattafan fiƙihu da na magani masu sharhi a gefe. Tarin littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 3,000, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka. An adana shi da kyau a can, amma ɗalibin da ke Kafin Hausa ko Haɗejiya ba ya iya taka ƙafa ya je ya duba.

Su ma kayan ɗab'i ba abin rainawa ba ne, kuma su ne suka fi kama da mujallun nan na Amurka. Bugun farko na Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar na shekarun 1930, da na Magana Jari Ce, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, da jaridun larduna na zamanin Hukumar NORLA irin su Sodangi da Himma da Zaruma, da littattafan Yaƙi da Jahilci, da mujallun labari cikin hoto da 'yan makaranta suka yi ta karɓa-karɓa a shekarun 1960 da 1970, da littattafan soyayya na Kano na shekarun 1980 da 1990, dukansu an buga su ne da araha, an kuma ɗauke su abin yarwa. Da su aka ƙulle ƙosai da tsire. Wannan rainin shi ne yake mai da abu ya yi ƙaranci, ƙarancin kuma shi ne yake jawo mai saye daga nesa.

Yanzu sai a dubi halin da masu riƙe da waɗannan kaya suka shiga. A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na wannan shekara. Ma'anar wannan a fili take. Dala 100 da dillali zai fitar, wadda a dā take Naira 46,000, ta zama fiye da Naira 150,000 a 2024. Bai ƙara ko sisi daga aljihunsa ba, amma a idon magidancin da bashi ya yi wa katutu tayinsa ya ninka sau uku. A kan wannan kuma ga ambaliya. Kogin Haɗejiya, wanda ciyawar kacalla ta toshe wa hanyoyi, ya ci gonaki da gidaje a 2012 da 2018 da 2020, sannan ya yi mummunar ɓarna a 2022. Wanda ruwa ya cinye wa shinkafa ba ya tsayawa ciniki. Littafin da ruwa bai jiƙa ba, gara ba ta ci ba, shi ne yunwa take fitarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ba daidai ba ne a ɗora laifi a kan wanda ya sayar da takobin kakansa don ya kai ɗansa asibiti. Ba kuma daidai ba ne a ce duk dillali ɓarawo ne, domin Hausawa sun daɗe suna fataucin kayan sassaƙa da na ado daga Kano har Abijan, mafi yawansu kuma sabon aiki suke sayarwa wanda ke ciyar da maƙera da dukawa da masaƙa. Laifin yana ga tsarin da ya bar mai kaya cikin duhu. Babu inda zai je a gaya masa ko abin nasa na tarihi ne, babu mai yi masa tayi a gida, babu mai ɗaukar hotonsa kafin ya fita. A cikin wannan duhu ne kuma 'yan damfara suke cin kasuwarsu, masu yaɗa jita-jitar cewa tsohon dutsen guga ko keken ɗinki ko kwabo mai huji ya kai miliyoyi, har mutum ya sayar da akuyarsa ya sayi tarkace. Rashin sani ya fi dare duhu, yana cutar mai sayarwa, yana cutar mai saye.

Doka kuwa tana nan, amma ta tsufa. Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi, aka ƙarfafa ta a 1974, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ta ɗauki duk aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918, har da makamai da rubuce-rubuce, a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsu sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ba da izini ba. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. Amma ƙaramar tarar da dokar ta ambata, Naira 2,000, wadda a 1979 ta fi Dala 3,000, a 2024 ba ta isa sayen kwanon shinkafa. Sa'an nan dokar ta hana talaka sayar wa kowa sai hukuma, alhali hukumar ba kasafai take da kuɗin saye ba. Dokar da ta rufe ƙofar gaba ba ta buɗe wata ba, ita ce take koya wa mutane bin ta katanga.

Saboda haka akwai matakan da ya wajaba a ɗauka, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a cikinsu. Na farko, Gwamnatin Jihar Jigawa tare da Majalisar Masarautar Haɗejiya su sa a yi rajistar kayan tarihi a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, a fara da Malam Madori da Auyo. A bi ta hannun hakimai da dagatai da limamai, a kuma bayyana wa jama'a tun farko cewa rajista ba ƙwace ba ce, ba kuma share fagen haraji ba ce. A ɗauki hoto, a rubuta sunan gida da tarihin abin, a bar wa mai shi kayansa tare da takardar shaida. Abin da yake da rajista yana da wuyar sayarwa a ɓoye, idan kuma ya ɓulla a wani gwanjo akwai hujjar neman sa.

Na biyu, a ware wani asusu, ko da ƙarami ne, na saye da jingina. Iyalin da bukata ta kama su kai abinsu a kimanta shi a gaban shaidu, a saya da daraja, ko a ba su rance a ajiye shi amana da sunansu har su samu hali. Kuɗin da ake kashewa a kan motar babban jami'i guda ɗaya ya isa ya tsare tarihin gundumomi da dama. Attajiran ƙasar su ma suna da rawar takawa, domin sunan da mutum ya bari a kan ɗakin karatu ya fi daɗewa a kan wanda maroƙi ya kira a gidan biki.

Na uku, a tanadi wurin ajiya a kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa, mai ma'aikacin da ya san aikin. A haɗa kai da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama na Kano, da cibiyar zanen dutse ta Birnin Kudu, don horas da ma'aikata. A ɗauki hoton kowane shafi na rubuce-rubucen a sa a kwamfuta, a ba iyalin kwafi, a ajiye wani a Dutse.

Na huɗu, wannan aiki na ɗalibai ne. Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, da Kwalejin Ilmi ta Gumel, suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda wajibi ne su rubuta kundin bincike. Maimakon a yi ta maimaita batutuwan da aka gaji da su, a tura ɗalibin tarihi ko na Hausa ko na Larabci ya tsara jerin littattafan tsangaya ɗaya, ko ya rubuta tarihin tashar Malam Madori daga bakin dattawan da suka yi dakon gyaɗa, tun suna da rai.

Na biyar, ma'aikatan gwamnati su fara da ofisoshinsu. A sakatariyoyi da kotuna da makarantu akwai tsofaffin fayiloli da rajistocin ɗalibai da taswirori waɗanda aka jibge a sito, ɓera yana ci, wasu kuma a ƙone su da sunan share wuri. Wajibi ne a fitar da umurni cewa kada a zubar da wata takardar hukuma sai jami'in adana tarihi ya duba ta. Haka nan jami'an kwastan na Maigatari da sauran iyakoki a koya musu gane abin da doka ta hana fita.

Na ƙarshe, Majalisar Tarayya ta sake duban dokar 1979, ta daidaita hukunci da zamani, ta halatta ciniki a fili tsakanin 'yan ƙasa a kan kayan da aka yi wa rajista, ta kuma bar wa hukuma haƙƙin fara tayi. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan tun ta 1988 ta tanadi cewa mai zane da marubuci suna da rabo idan aka sake sayar da aikin hannunsu a gwanjo. Lokaci ya yi da za a tsara yadda wannan rabo zai riƙa isa hannun masu shi da magadansu.

Matsin tattalin arziki yakan zo ya wuce, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka zo suka wuce. Gonar da ruwa ya ci ana sake shuka ta, garken da ya ƙare ana sake tara shi. Amma littafin da gwani ya shekara yana rubutawa, ko wasiƙar da Sarki ya buga wa hatimi, guda ɗaya ce a duniya, in ta tafi ta tafi. Idan hukumomin Jigawa da masarauta da makarantu suka tashi yanzu, aikin ba zai ci kuɗi mai yawa ba. Idan kuwa aka jira sai an ga kayan Garun Gabas a kundin gwanjon Landan sannan a fara aika takardun ƙorafi, to, an yi ihu bayan hari.